Raken Dije da Takardar Layin Inji

Na fara wannan aiki ne a kakar da ta biyo bayan canjin kuɗi, lokacin da mutane suka riƙa yini a bakin banki suna dawowa hannu wofi. A shekarar ne fetur ya hau sama ya ƙi saukowa, har masu acaɓa suka koma kashe mashin a gangara. A shekarar ne kuma haƙorina na gaba ya fita ina shan rake a bikin jikata. In kuna son shekara da lamba ku tambayi Rifkatu, ita ke da littafi. Ni da abin da ya faru nake ƙirge.

Ku da aka ɗauko bana, na ji abin da kuke faɗa a bayan ofis. Wai aikin Gwaggo Hansai aikin hutu ne, tsohuwa ta shimfiɗa tabarma, a karanta mata takarda, ta ce ya yi ko bai yi ba, a miƙo mata shayi. Shayin gaskiya ne, har da madara. Sauran kuwa ku gyara zama. Ban yi boko ba, biro ma ban san ta inda ake riƙe shi ba, wannan ɗin faɗa nake ana rubutawa. Amma babu takardar da ke shiga kan Ɗan Aike sai ta bi ta kunnena.

Ɗan Aike shi ne abin nan na cikin waya da ƙungiyar manomanmu ta Ikara da Makarfi da Kudan ta kawo, wanda ku 'yan boko kuke ce wa AI. Manomi ya kira, ya yi magana da Hausa, ya amsa masa da Hausa. Ba shi da hannu ba shi da ƙafa, kayan aiki aka ba shi: wani na duba farashi, wani na duba ruwan sama, wani na kiran mota, wani na riƙe layi a injin matse rake. Kowane ɗaya yana da 'yar takardar bayani da injiniyoyi suka rubuta, ita yake karantawa kafin ya ɗauka. Ba ya ganin cikin kayan, kamar wanda aka ba kwano a rufe aka ce ya kai. Abin da takarda ba ta faɗa ba bai sani ba, kuma ba ya son cewa bai sani ba. Aikina shi ne in saurari takardar in faɗi ko za a iya aiken baƙo da ita ya dawo lafiya.

Shekara arba'in na yi ina dillanci gida-gida, ban tara gona ba, ban tara shanu ba, sunana na tara. Da Ɗan Aike ya zo, matan da na saba shiga gidajensu suka ce, "Hansai, a yarda da shi?" Na ce duk abin da ya bi ta hannuna su yarda. Ku riƙe wannan, don sunan nawa nake ɗorawa a kan tabarmar nan kullum.

Zuwana na farko ofis faɗa ne ya kawo ni. Ina da albasa a ɗaki, na sa aka kira mini Ɗan Aike na tambayi farashi a Makarfi. Ya faɗa mini da muryar nan tasa mai sanyi. Na ɗauki mota na je, ashe farashin kasuwar da ta wuce ya ba ni, albasa ta cika kasuwa har bakin titi. Washegari na yafa mayafi na nufi Ikara. Na tarar da Injiniya Bashir, wani dogo daga Zariya, wayoyi uku jere a kan teburinsa. Muka gaisa, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya aiki, yaya mutanen Zariya, sai da na tabbatar kowa nasa lafiya sannan na ce, "Ba ɗan aiken nake nema ba, wanda ya aike shi nake nema."

Ya ce, "Gwaggo, na'ura ce, wani lokaci takan yi kuskure."

Na ce, "Karanta mini abin da ka gaya mata."

Ya dubi Rifkatu. Rifkatu iyayenta daga kudancin Kaduna suka zo, amma a Ikara ta girma, Hausarta ta fi ta Injiniya nesa. Ta dubi kwamfuta, tana gani da Turanci tana faɗa mini da Hausa: "Wannan yana kawo farashin kaya a kasuwa."

"Ci gaba."

"Ya ƙare, Mama."

Na ce, "Ya ƙare? Farashin yaushe? Na safe ko na bayan la'asar da kaya suka kwanta? Na buhu ko na tiya? Ɗan nan, ko ni ka aika da wannan maganar abin da zan kawo maka ke nan. Ɗan Aike ba shi da laifi, kai ne ba ka iya aike ba."

Rifkatu ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Injiniya ya jawo wata takardar ya ce a karanta mini. Ban bar ofis ba sai azahar. Bayan kwana biyu shugaban ƙungiya da kansa ya yi sallama a ƙofar gidana, ya ce in zo in riƙa sauraron takardun.

Aiken man shanu ne ya koya mini wannan sana'a, ina 'yar shekara tara a Malikanchi, ina bin Inna Kande, yayar mahaifiyata, wadda a hannunta na koyi dillanci. Wata mata ta aike ni kasuwar Furana in sayo mata man shanu. Na je babu, Fulani ba su fito ba. Na tsaya na yi tunani, na ce ai mai mai ne, na sayo man gyaɗa na dawo ina jin na yi ƙoƙari. Matar ta ɗaga hannu za ta mare ni, Inna ta riƙe hannun. Ta ce, "Kin gaya mata in babu ta dawo?" Matar ta ce a'a. Inna ta ce, "To, ki mari kanki." A hanya kuwa ta murɗe mini kunne ta ce daga yau kada in kuskura in bar gidan mutane da aike sai na tambayi in babu fa. Inna ba ta karɓar zane ko tasa daga hannun mace sai ta ji ko za ta iya barinsa a gidan da aka ce za a duba, da abin da za ta ce in an taya ƙasa, da wanda ba a so ya san kayan na waye. Mata suna ce mata mai yawan tambaya. Amma ba a taɓa kai ƙararta gun mai unguwa ba har ta koma ga Allah.

Wannan "in babu fa" ita na fara kawowa ofis. Kayan duba ruwan sama, in ya rasa labari, shiru yake dawowa da shi, takarda kuma ba ta faɗi ma'anar shirun ba. Ɗan Aike ya ga babu komai, sai ya ce wa manomi babu ruwa gobe, a shanya barkono. Man gyaɗa ke nan. Na sa aka rubuta cewa in ya dawo wofi, ba a samu labari ba ne, a gaya wa mutum haka ya duba sama da idonsa.

Kayan aikina kuwa ga su nan kuna tsallakewa, kwanuka bakwai masu murfi. Kowane kwano kayan aiki ɗaya ne. Na farashi akwai tsabar masara a ciki, na mota murfin kwalba, na inji guntun rake. Rifkatu ta karanta takarda, in ɗora hannu a kan kwanon in ji, in rufe. In an gama duka sai ta zama manomi ni in zama Ɗan Aike. Ta iya kuwa. Tana da wani tsoho na Kudan da take kwaikwaya, mai gaisuwa har da tambayar lafiyar injin waya kafin ya faɗi abin da ya kawo shi, tana da mai kira daga kan mashin iska na cinye rabin maganarsa. Ta faɗi buƙata, ni in kai hannu ga kwano. In hannuna ya tafi kai tsaye, takarda ta yi. In ya tsaya a sama tsakanin kwano biyu, ba ta yi ba. Daga baya Injiniya yakan gwada da Ɗan Aike na gaske, kuma galibi inda hannuna ya yi jinkiri nan shi ma yake tuntuɓe.

Da muka gwada da mai tumatir ne muka ga matsalar kwanukan mota. Biyu ne, ɗaya tambaya yake ko akwai mota a tasha, ɗaya tayar da direba yake ya taho. Takardunsu kuwa kamar tagwaye, farko ɗaya, tsakiya ɗaya. Rifkatu ta ce da muryar tsohon Kudan, "Shin ko ana samun mota zuwa jibi?" Hannuna ya tsaya a sama har kafaɗata ta gaji. Mutum tambaya kawai yake, bai tsinki tumatir ba, in na taɓa kwano na biyu direba zai ƙona fetur ya zo ya tarar da kwanduna wofi. Jimla ɗaya aka ƙara: wannan tambaya kawai yake, ba ya tayar da kowa. Hannuna ya sauka.

Da Injiniya ya gaji da "bai yi ba", sai ya yi zuciya ya rubuto wata doguwa, shafi biyu a kan kwano ɗaya. Rifkatu tana karantawa na yi gyangyaɗi, na farka tana kan tarihin yadda aka gina abin. Na ce, "Injiniya, wa ya tambaye ka kakanninsa? Aiken da ya yi tsawo, wanda aka aika farkon yake riƙewa da ƙarshen, tsakiyar a hanya take zubewa." Ya ce, "Gwaggo, gajere kin ƙi, dogo kin ƙi." Na ce, "Ai ba tsayi nake aunawa ba."

Wahalar aikin nan, wadda ba ku gani daga bakin ƙofa, ita ce mantuwa. In na zauna a matsayin Ɗan Aike dole in manta ni 'yar ƙasar nan ce. In manta ranar kasuwa, in manta tumatir ba ya jira, in manta wace hanya ce ke yankewa da damina. Duk abin da na sani shekara saba'in in ajiye shi tare da takalmana a bakin tabarma, in zama baƙon da ya sauka a tasha yau da 'yar takarda a hannu. Ku da kuka yi boko za ku ji takarda mai rami, kanku ya cike ramin ba ku sani ba, ku ce ta yi. Ni ma da na iya mantuwar, ita ce ta kayar da ni.

Shekarar da ta ɓaci ita ce kaka ta biyu da na yi a aikin nan. Ƙungiya tana da injin matse rake guda biyu, ana kai su gona-gona da layi. Wanda ya san mazarƙwaila ya san rake ba a sare shi sai an tabbatar da ranar inji, don in ya kwanta kwanaki ruwansa tsami yake yi, ka dafa ka dafa ya ƙi daskarewa. A da sai ka je ka zauna gun mai inji ka roƙa, mata kuwa sai abin da maza suka rage. Da aka sa layi a waya matan ne suka fi kowa murna.

Dije ta ƙauyen Dandamisa tsohuwar abokiyar cinikina ce, tun tana amarya nake shiga gidansu. Tana da fadamarta ta gado a bakin rafi. Mijinta Malam Tanko kunnensa ya yi nauyi, don haka ita ke riƙe da maganar waya a gidan. Ta kira, aka ba ta rana, ta sa masu sara suka kwantar da rabin gonar. Ranar ta zo, inji bai zo ba. Kwana huɗu rake yana kwance. Da aka bincika aka ce ai babu sunan gidansu a wannan ranar, layin gidan yana can mako na gaba.

Na hau acaɓa na je. Dije ta tarbe ni da gaisuwa cikakkiya, ba ta rage ko ɗaya ba, ta kawo ruwa, ta tambayi jikoki ɗaya bayan ɗaya. Sai da na huta ta ce in taso. A bayan ɗaki ga ƙananan kwanuka jere, an zuba mazarƙwaila ta ƙi kamawa, tana malala kamar kunu, ƙudaje sun yi mata rumfa.

Ta ce, "Yaya Hansai, ke kika ce."

 Na tambayi sauran rabin da ke tsaye. Ta ce wani mai saye a tsaye ya zo ya taya, wulaƙantaccen tayi, amma ranar Juma'a za ta sallama masa, gara ya tafi da shi da ta sake kallon wannan. Na ce ta ba ni kwana uku. Ta ce, "Juma'a ai kwana uku ne. Ban ba ki ba, haka suka zo."

Ban biya gida ba, ofis na wuce. Na jawo kwanon rake na ce a sake karanta mini. Rifkatu ta karanta: "Yana riƙe wa manomi layi a injin matse rake. Ana ba shi lambar waya da rana. Akwai gurbin suna, amma ba dole ba ne." Ni na ce ta yi, watanni kafin nan, hannuna bai ko tsaya a sama ba.

Injiniya ya tona cikin abin ya gano. In ba a sa suna ba, da lambar waya ake riƙe layi, lamba ɗaya layi ɗaya. In an sake kira da lambar, sabuwar rana ta goge tsohuwa. Ya ce don sauƙi ya yi haka, saboda mai son canja rana. Ɗan Aike kuwa ya ga an ce suna ba dole ba ne, bai taɓa tambaya ba. Dije ta riƙe layinta, bayan kwana biyu Sale ƙanin mijinta ya ɗauki wayar nan dai ya riƙe nasa, nata ya tafi. Ɗan Aike ya ce wa kowannensu an gama, don a saninsa an gama.

Na ce, "Me ya hana ka rubuta cewa yana gogewa?"

Ya ce, "Gwaggo, wa zai yi layi biyu da waya ɗaya?"

Na dubi wayoyinsa uku a kan tebur. Na ce, "Gidan Malam Tanko mutum tara ke noma, waya ɗaya ce, a ƙusa take rataye a zaure." Na san haka, na sha ganin wayar. Amma ranar gwaji na ajiye sanin a bakin tabarma, Rifkatu kuma duk manoman da take kwaikwaya kowa da wayarsa. Babu wanda ya zama gidan Malam Tanko. Kuma ba Dije kaɗai abin ya taɓa ba, da aka duba gidaje da dama ne, ita ce dai ta riga kowa sara.

Washegari Injiniya ya zo da gyara tun kafin in shimfiɗa tabarma. Ya rubuta cewa dole Ɗan Aike ya tambayi sunan mai gona ya sa a gurbin. Rifkatu ta karanta, ta zama manomi, hannuna ya tafi kai tsaye. Takarda tsaf. Injiniya ya ce, "Alhamdu lillahi, a sake ta, masu rake suna jira."

Na ce, "Dakata. Yau a juya. Rifkatu, ke ce Ɗan Aike, ni ce mai kira."

Na ja mayafi na rufe rabin baki, na zama Dije tana riƙe wa mijinta layi. Rifkatu ta ce, "Sunan mai gona?"

"Maigida."

"Sunansa nake so, Hajiya."

"Malam."

"Malam wa?"

"Ke, ba ki da kunya? A gidanku haka ake?"

Rifkatu ta kwashe da dariya, ta gane tun kafin in ƙarasa. Injiniya ya yi dariya shi ma, sai ya ga ni ban yi ba. Na ce, "Ɗan nan, macen ƙauyenmu ba ta faɗin sunan mijinta, ko alƙali ne ya tambaya sai ta nemi wani ya faɗa mata. Ba ta faɗin na ɗanta na fari. Dije za ta ce Malam, matar Sale za ta ce Malam, tsohuwar gidan za ta ce yaron nan. Waya ɗaya, Malam biyu. Wa zai goge wa?"

Ya ce, "Ni matata Bash take ce mini."

Na ce, "Matarka a Zariya take, kuma ba ta da rake."

Ya zauna. Ya ce to me za a tambaya. Na ce mutum ne ake jin kunyarsa, gona ba a jin kunyarta. Kowace gona a ƙasar nan tana da abin da ake kiranta: ta bakin rafi, ta gindin tsamiya, ta bayan makaranta, ta wajen tsohuwar rijiya. Ko yaro ko tsohuwa, a gida ɗaya suna ɗaya suke ce mata. Inji ma ai gona yake zuwa, ba mutum ba. Ya duba ya ce gurbin nan yana ɗaukar kowace magana, ba sai an taɓa cikin abin ba, takarda kawai za a gyara. Muka yini a kanta. Abin da ya fito shi ne: dole a tambayi wace gona, ba sunan mutum ba, don waya ɗaya takan yi wa gida guda aiki. In gonar tana da layi tun da, sabon zai goge tsohon, don haka a gaya wa mai kira ranar da ke akwai, kada a goge sai ya ce a goge.

Ya ce, "Yanzu ta yi?"

Na ce, "A nan ta yi. Saura Dandamisa."

Ranar Juma'a da hantsi muka isa, mu uku. Mai sayen rake a tsaye ya riga mu, yana zaune a zaure da Malam Tanko da Sale, mashin ɗinsa a jingine. Injiniya ya tsaya tare da su, ni da Rifkatu muka shiga ciki. Aka ciro waya daga ƙusa aka kawo wa Dije. Ta karɓa da yatsu biyu kamar an ba ta kunama.

Ta kira. Ɗan Aike ya gaishe ta, ta amsa a taƙaice. Ta ce layin inji take so. Ya ce, "Wace gona ce?" Ta dube ni, ta ce ta bakin rafi. Ya ba ta Litinin. Ta kashe, ta sake kira, ta ce na maigida take so. Ya ce wace gona, ta ce ta gindin tsamiya, ya ba ta Alhamis, bai tambayi ko wane ne maigidan ba. Aka kai wa Sale waya zaure ya yi nasa, aka dawo da ita. Rifkatu ta duba tata wayar ta ce layi uku, kowa yana nan.

Dije ta jawo wayar. Ta sake dannawa. Ta canja murya, ta yi ta ƙasa-ƙasa kamar ta surukarta, ta ce tana son layi ranar Laraba a gonar bakin rafi. Ni ban san za ta yi haka ba. Rifkatu ta kama mini gefen zane.

Ɗan Aike ya ce, "Gonar bakin rafi tana da layi ranar Litinin. In na sa Laraba, na Litinin zai goge. In goge?"

Dije ta ce, "Kada ka taɓa."

"To, na bar shi. Litinin tana nan."

Ta kashe waya ta goge ta da bakin zane. Ta kira wata jikarta ta ce a gaya wa baƙon zaure ya yi haƙuri, rake ba na sayarwa ba ne, a kuma ba shi fura kafin ya tafi. Sannan ta juyo ta ce, "Yaya Hansai, in Litinin ta zo inji bai zo ba, a gidanki zan zuba raken." Na ce ƙofa a buɗe take.

Inji ya zo Litinin, tun rana ba ta yi zafi ba. Bayan mako guda aka kawo mini saƙo ofis daga Dije, ƙunshi biyu. Ɗaya mazarƙwaila ce ja, mai tauri, in ka ƙwanƙwasa tana ƙara. Ɗaya kuwa 'yar roba ce da ragowar waccan mai tsami. Mai kawowa ta ce Dije ta ce wannan in ci, wannan in ajiye inda nake aiki. Na ci, na ajiye. Ita ce a kan tagar can, wadda ɗayanku ya buɗe jiya ya toshe hanci. Kada a zubar. Tun daga ranar kowace takarda sau biyu nake zama a kanta, sau ɗaya ina baƙon da bai san kowa ba, sau ɗaya ina 'yar gida da kunyarta da wayar aro. Wanda zai gaje ni a cikinku sai ya iya zaman biyun, shayi kuwa kowa ya iya sha.

Inna Kande ta daɗe a ƙasa, tun kafin a san waya. Shugaban ƙungiyar da ya zo ƙofata ya rasu da azumin bara, Allah ya jiƙansa. Injiniya Bashir yana Kaduna, ya yi ƙiba, yana aiko takardunsa ta waya, har yanzu kuma in na ce bai yi ba sai ya yi gardama kafin ya gyara. Rifkatu ga ta nan, ita da tsohonta na Kudan. Sale yana nan, ya sayi wayarsa. Malam Tanko ya rasu da damina, Allah ya kai haske kabarinsa. Dije tana raye, ƙafa ce kawai ke damunta, ita ke kula da gonar da ya bari. Duk kaka tana kira ta riƙe mata layi, Ɗan Aike ya ce wace gona, ta ce ta gindin tsamiya. Shekara hamsin da aure, da takaba a kai, har yau babu wanda ya ji sunansa a bakinta.